Wa Zai Tambayi Maƙwabci?

A garin Stornoway, babban garin tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sikotland, har yau idan aka yi rasuwa sai a buga 'yar takarda a manna ta a gilashin shaguna. Tana ɗauke da sunan mamaci, da ƙauyensa, da lokacin da za a ɗauki gawa. Sau da yawa akan haɗa da laƙabinsa, domin a tsibirin da Macleod da Macdonald da Morrison suka cika ko'ina, sunan yanka kaɗai ba ya gaya maka wanda ya rasu. Mutum zai fito daga shagon mahauci da ƙunshin nama a hannu, ya ja ya tsaya gaban gilashi, ya karanta, ya juya ya gaya wa na bayansa. Kafin rana ta yi tsaka labari ya kai ƙauyukan bakin teku na yamma.

Wanda ya saba sauraron sanarwar rasuwa da ɗaurin aure a gidajen rediyonmu ba zai ji baƙunta ba. Tsibiran nan, wato Lewis da Harris da Uist da Barra, da Skye da ke dab da babban tudun ƙasar, wurare ne na iska da ruwan sama da duwatsu, mutane kaɗan a warwatse cikin ƙananan ƙauyuka. Abin da ya dame su a mako ba shi da yawa, amma kowanne na da nauyi. Jirgin fito zai tashi ko ba zai tashi ba, nawa aka sayar da 'yan raguna a kasuwar kaka, wace makarantar firamare majalisa ke shirin rufewa, wa ya haihu, wa ya riga mu gidan gaskiya. Na daɗe ina bibiyar jaridun wannan yanki, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda, cikin shekara ɗari da 'yan kai, waɗannan ƙananan labarai suka riƙa canza wanda suke nuna wa yatsa.

Jaridar Stornoway Gazette ta fara fitowa a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. William Grant ne ya kafa ta, kuma aikinta na farko mai nauyi shi ne jera sunayen samarin Lewis da suka mutu a fagen daga da kan teku, fiye da dubu ɗaya a tsibirin da mutanensa kimanin dubu 30 ne. Tana da shekara biyu kacal aka yi abin da har gobe ba a manta ba. Kafin wayewar garin 1 ga Janairun 1919, jirgin ruwa Iolaire, ɗauke da sojojin ruwa masu dawowa gida bayan an gama yaƙi, ya bugi duwatsu a bakin mashigar Stornoway. Mutum 201 suka rasu suna hangen gaɓa, iyalai na jiransu da abinci a kan wuta. Wani ɗan Ness da ke arewacin Lewis, John Finlay Macleod, ya yi iyo da igiya har tudu, mutum kusan 40 suka tsira ta kan igiyar nan. A irin wannan rana ake gane amfanin jaridar gida. Jaridun Landan za su ba da adadi su wuce. Ta Stornoway dole ta faɗi ɗan wane ne, daga wane ƙauye, an ga gawa ko ba a gani ba, domin masu karanta ta su ne masu haƙa kabarin.

Ƙarfin jaridar na wajen wakilanta na ƙauyuka, malamin makaranta ko mai kai wasiƙu ko wata dattijuwa mai kyan rubutu, waɗanda duk mako suke rubuto abin da ya faru. An gama yankan baƙar ƙasar fadama da ake shanyawa ta zama makamashin hunturu, an tara tumaki an yi musu aski, wane ya dawo hutu daga aikin jirgin ruwa, wance ta samu gurbin koyon jinya a Gilasgo. Idan an gama karantawa a gida, sai a naɗe jaridar a kai gidan waya, ta nufi Kanada ko Amurka ko Ostireliya inda 'ya'ya suka tafi neman abinci. A Afrilun 1923 kaɗai, jirgin Metagama ya kwashi matasa kimanin 300 daga Lewis, mafi yawansu maza. Da yawa ba su sake taka tsibirin ba, ta waɗannan shafuka suka riƙa jin mutuwar iyayen abokansu.

Akwai abu ɗaya da shafukan suka daɗe suna zagayewa, shi ne tambayar wa ke da ƙasar. Tarihin abin mai ɗaci ne. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, shugabannin dangogi da attajiran da suka sayi filaye daga hannunsu suka lura tunkiya ta fi talaka kawo riba. Aka tashi ƙauyuka ɗungurungum, aka tura mutane bakin teku kan tsandauri, wasu aka cusa su jirgi. A 1851 mai tsibiran Barra da Uist ta Kudu, Kanar John Gordon, ya kwashe mutane fiye da dubu zuwa Kanada, wasu da ƙarfin tsiya. Sai a 1882 tura ta kai bango. Mutanen Braes a Skye suka ƙi biyan haya saboda an hana su makiyayar tsaunin Ben Lee, aka turo 'yan sanda kimanin 50 daga Gilasgo, mata da maza suka tarye su da duwatsu da sanduna. Hayaniyar ta sa gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Lord Napier, wadda ta zaga ƙauye-ƙauye tana jin ta bakin talakawa, kuma a 1886 aka yi dokar da ta ba mai ƙaramar gonar haya tabbacin ba za a kore shi ba muddin yana biya, da damar barin gonar ga magajinsa.

Dokar ta hana kora, amma ƙasa ta ci gaba da zama ta mai ita. Manomi yana da 'yar gonarsa da rabonsa a makiyayar ƙauye, amma kogi da kifinsa, da barewar tsauni, da filin da za a gina mashigar jirgi, duk sai da izinin wani mutum da watakila yana Landan ko ma wata ƙasa. Jaridun mako galibi sun ɗauki wannan a matsayin abin da aka tarar. Za a ba da labarin mai ƙasa ya iso hutun farauta, ko matarsa ta raba kyaututtuka a bikin nunin dabbobi, a tsaya nan.

Wanda yake son ganin yadda rayuwa take a wancan zamani, ya dubi ƙaramin tsibirin Raasay da ke gefen Skye. A arewacinsa akwai ƙauyen Arnish, inda hanyar mota ba ta kai ba. Shekara da shekaru mutanen wajen suna kai koke gaban hukuma, ana ce musu babu kuɗi, su kuwa suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani manomi mai aikin kula da fitilar teku, Calum MacLeod, ya sayi tsohon littafin koyar da gina hanya, ya ɗauki diga da shebur da baro, ya fara fasa dutse shi kaɗai a tsakiyar shekarun 1960. Kimanin shekara goma ya yi yana wannan aiki a tsakanin kiwo da noma da aikin fitila, yana cike rami da dutse, yana gina magudanan ruwa da hannu, har ya fitar da hanya mai tsawon kusan kilomita uku a gefen tsauni mai gangarowa teku. Kafin ya gama, kowa ya bar ƙauyen sai shi da matarsa. Hukuma ba ta zuba wa hanyar kwalta ba sai a 1982. Mutane na ba da wannan labari don yaba jarumtar mutum ɗaya, kuma ya cancanci yabo. Ni dai duk lokacin da na tuna shi, abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da aka yi ana koke, ba wanda ya ji kunyar yin biris da shi.

A Afrilun 1972 wasu matasa da suka fito daga Jami'ar Dundee suka kafa jaridar West Highland Free Press a Skye, Brian Wilson ne editanta na farko. Ba su da kuɗi, kuma ba su ɓoye cewa suna da ɓangare ba. A saman shafin farko suka ɗora tsohon taken masu fafutikar ƙasa na ƙarni na 19, da harshen Gelik, mai ambaton ƙasa da harshe da jama'a. Sabon abin da suka kawo shi ne kiran suna. Wane ne ya mallaki wannan kwari, nawa ya saya, ina yake zaune, me ya hana a yi. A Raasay ɗin nan dai, wani likita mazaunin kudancin Ingila, Dokta John Green, ya sayi manyan gine-ginen tsibirin ya bar su suna rushewa, ya kuma yi shekaru yana toshe yunƙurin gina mashigar jirgin fito mai ɗaukar mota. Jaridar ta riƙa bin maganar mako bayan mako har ta fita daga tsibiri ta kai kunnen gwamnati, kuma a ƙarshen shekarun 1970 hukumar raya yankin ta sayi kadarorin daga hannunsa. Haka aka yi da gadar Skye, wadda kamfani mai zaman kansa ya gina aka buɗe a Oktoban 1995, ƙaramar mota na biyan fiye da fam biyar da bazara don ƙetare ɗan siririn ruwa. Mutane suka riƙa zuwa bakin shinge suna cewa ba za su biya ba, aka yanke wa fiye da ɗari hukunci, jaridun gida na ta kawo lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe. Shekara tara ana abu ɗaya, sai a Disambar 2004 gwamnatin Sikotland ta sayi yarjejeniyar ta soke kuɗin.

Babban sauyin ya faro ne daga Assynt, a kan babban tudu. A 1992 kamfanin da ya mallaki wani yanki mai eka dubu 21 ya karye, aka shirya yanka filin kashi bakwai a sayar. Masu gonakin hayar wajen suka ce su za su saya. Suka buɗe asusun neman taimako, suka biya fam dubu 300, a Fabrairun 1993 ƙasar ta zama tasu. Sai tsibirin Eigg, mai mutum sittin da 'yan kai, wanda ya sha wuya a hannun masu shi. Na ƙarshensu wani mai zane ne Bajamushe da ake kira Maruma, wanda ya yi alkawura da yawa bai cika ba. Mutanen Eigg da dama ba su da tabbatacciyar takardar haya ko ta gidan da suke kwana. Ranar 12 ga Yunin 1997 suka sayi tsibirin kan fam miliyan ɗaya da rabi, da gudummawar dubban mutanen da ba su taɓa taka wajen ba.

Abin da ya biyo baya a Eigg ya fi ranar bikin muhimmanci a wurina. Kafin 2008 kusan kowane gida da janaretansa, ana kunna shi na 'yan sa'o'i da yamma, ƙara ta cika ko'ina. A Fabrairun wannan shekara suka kunna wutarsu ta kansu, daga ruwan rafi da iska da hasken rana, ba ta haɗe da layin ƙasa. Suka yarda a tsakaninsu kowane gida ba zai ja fiye da kilowat biyar a lokaci guda ba, wuraren sana'a kilowat goma. A cikin gida akwai 'yar na'ura mai nuna abin da ake ja. Uwargida ta san idan injin wanki na aiki, sai ta dakata kafin ta kunna butar lantarki da tanda tare, domin wanda ya zarce wutarsa za ta ɗauke, sai an zo an mayar masa. 'Yan tsibirin ne aka horar suke kula da injinan. Da mai ƙasa ne ya kafa wannan ƙa'ida da an yi ta gunaguni. Sun bi ta da daɗin rai ne don su suka yanke ta a zauren taro.

Majalisar dokokin Sikotland da aka buɗe a 1999 ta yi dokar gyaran mallakar ƙasa a 2003, wadda ta ba al'umma damar fara tayi idan za a sayar da ƙasarsu, ta kuma ba masu gonakin haya ikon saye ko da mai ƙasa bai so ba. Mutanen tsibirin Gigha sun riga dokar, suka sayi tsibirinsu a 2002. Arewacin Harris ya biyo baya a 2003, Uist ta Kudu da Benbecula da Eriskay a 2006 kan fam miliyan huɗu da rabi, Galson a arewacin Lewis a 2007. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen Tsibiran Yamma, wato Lewis da Harris da Uist da Barra, suna zaune ne a kan ƙasar da al'umma ta mallaka. Wanda ya san abin da aka yi a 1851 ba zai ji wannan zuciyarsa ba ta motsa ba.

Sai dai nasarar ta zo da wata wahala da ba a cika faɗa ba. Lokacin da mai ƙasa baƙo ne mazaunin nesa, rubuta labarinsa na buƙatar ƙarfin hali, amma ba ya raba gari, kowa na bayanka. Yanzu mai ƙasa kwamitin amintattu ne da aka zaɓa. Shugabansa ɗan ajinku ne a firamare, ma'ajinsa mijin ƙanwarka, kuma za ku haɗu ranar Asabar wajen tara tumaki, ku haɗu washegari a coci. Su ne ke yanke wa za a ba filin gini, wa zai samu hayar gidan da aka gyara, ina kuɗin injin iska zai tafi. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu aikin sa kai, suna ba da darensu kyauta bayan sun tashi daga nasu aikin. Duk da haka iko iko ne, kuma inda ake rabon fili da kuɗi dole a samu mai tambaya.

An ga haka a Uist ta Kudu ba da jimawa ba bayan saye. A Askernish akwai tsohon filin wasan golf da Old Tom Morris ya tsara a 1891, ya ɓace cikin ciyawa, aka farfaɗo da shi don jawo baƙi, sabon kwamitin ƙasa na goyon baya. Wasu masu gonakin wajen suka ce filin makiyayar dabbobinsu ce, ba su yarda ba. Magana ta kai Kotun Ƙasa ta Sikotland, maƙwabta suka tsaya gaba da gaba, kowane ɓangare na cewa shi ne al'umma. A Lewis kuma rigimar injinan iska ce. Wasu ƙauyuka kusa da Stornoway sun nemi kafa nasu injinan a makiyayarsu, suka tarar kwamitin amintattun Stornoway, wanda ke riƙe da ƙasar tun 1923 da Lord Leverhulme ya bar wa mutanen garin ita, ya riga ya ba wani babban kamfani hayar wurin. Ƙauyukan sun kafa hujja da ƙungiyar Point da Sandwick, wadda injinanta uku kacal ke samar da kuɗin da ake tallafa wa gidan jinyar masu ciwon ajali da sauran ayyukan gari. Masu goyon bayan kwamiti kuma suka ce sai da babban aiki za a shimfiɗo wayar ƙarƙashin teku da za ta kai wutar kasuwa. Kowa da gaskiyarsa, kuma irin wannan magana ce ke buƙatar wanda zai zauna ya karanta yarjejeniya shafi-shafi, ya fayyace wa mai kiwo abin da ke ciki.

A daidai wannan lokaci ne jaridun suka fara rama. Tallan gidaje da motoci da guraben aiki, wanda shi ke biyan albashi, ya koma intanet. Stornoway Gazette ta daɗe da fita daga hannun iyalin da suka kafa ta, ta shiga rukunin Johnston Press mai jaridu kusan 200, wanda bashi ya durƙusar a 2018. Kamfanin da ke lissafi daga birni ba ya ganin dalilin biyan mutum ya yini a zauren majalisa yana sauraron muhawara kan magudanar ruwa. Free Press ta bi wata hanya, a 2009 ma'aikatanta suka saye ta, amma ita ma da annobar korona ta zo a 2020 sai da ta dakatar da bugawa na wasu watanni.

Labarai suka ƙaura zuwa waya. Kowane tsibiri na da dandalinsa a Facebook, kuma ba zan raina shi ba. Tunkiya ta faɗa rami a gefen hanya, nan da nan mai ita ya ji. Wata na neman wanda zai rage mata hanya zuwa asibitin Inverness, wani na da ragowar tagogi zai bayar, motar banki ta makara yau. Wakilin ƙauye na da bai taɓa yin wannan sauri ba. Inda abin ke gazawa shi ne maganar da ke da ɓangare biyu. Wani ya rubuta zargi kan kwamiti da dare, dangi su yi caa, a faɗi abin da ba za a iya faɗa ido da ido ba, da safe mai kula da dandalin, wanda shi ma maƙwabci ne, ya goge komai don a zauna lafiya. Ba a tabbatar da zargin ba, ba a wanke wanda aka zarga ba, ba abin da ya rage da za a duba bayan shekara goma. Edita na iya kuskure, amma sunansa na kan takarda, ana iya zuwa ofishinsa, kuma abin da ya buga yana nan a ɗakin karatu.

Rigimar Lahadi a shafin wasiƙu aka yi ta, shi ya sa aka fahimce ta. A Lewis da Harris an daɗe ana riƙe da ranar da tsanani, ba shago, ba aiki, ba shanya wanki a waje. A 1965 wani limamin coci, Angus Smith, ya kwanta a mashigar Kyleakin don hana jirgin Lahadi na farko sauke motoci a Skye, sai da 'yan sanda suka ɗauke shi. Jirgin sama ya fara sauka Stornoway ranar Lahadi a 2002, jirgin fito a Yulin 2009, kantin Tesco ya buɗe a Nuwambar 2024. Shekaru ana muhawara, kowa da sunansa da ƙauyensa a ƙasan abin da ya rubuta, kuma a nan aka gane akwai waɗanda ba sa zuwa coci amma suna son yini guda da gari zai yi tsit, akwai kuma masu ibada da ke son jirgi don su duba mara lafiya a babban tudu. Haka da aka buɗe masallacin farko a Stornoway a Mayun 2018, don iyalan 'yan kasuwa 'yan asalin Pakistan da suka daɗe a tsibirin da 'yan gudun hijirar Siriya da suka zo daga baya. Jaridun nesa faɗa suka zo nema. Wani reshen coci ya nuna adawa, gaskiya ne, amma wasu limaman cocin da maƙwabta da yawa maraba suka yi, kuma sai na gida ne zai iya faɗa maka nauyin kowane ɓangare.

Jirgin fito dai har yanzu shi ne kanun labari. A 2015 aka ba da kwangilar sababbin jirage biyu na kamfanin CalMac kan fam miliyan 97, a kawo su a 2018. Na farko, Glen Sannox, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairun 2025, kuɗin kuma ya ninka fiye da sau uku. Tsofaffin jirage suka riƙa lalacewa, a ɗauke na wannan tsibiri a kai wa wancan. A Yunin 2023 aka janye jirgin Lochboisdale a Uist ta Kudu kusan wata guda cur, a tsakiyar lokacin baƙi, mutum kimanin 500 suka fito zanga-zanga a tsibirin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Saƙon waya guda mai cewa an soke tafiya na nufin kifin da aka kamo ya kwana a mota, mai masauki ya mayar da kuɗin mako, mara lafiya ya rasa ganin likitan da ya yi watanni yana jira.

A nan kowa bakinsa ɗaya, domin wanda ake tuhuma na can nesa. Maganar da ta fi wuyar bugawa ita ce ta gidaje. Mutanen Tsibiran Yamma sun haura dubu 46 a 1911, a ƙidayar 2022 kimanin dubu 26 ne, kuma masu magana da Gelik a cikinsu sun sauka ƙasa da rabi. Matasa na son zama, ba gidan da za su iya saya, domin gidaje da yawa sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido ko wurin hutun mai kuɗi daga kudu. Wa ya sayar? Sau da yawa ɗan gari ne, magajin gona mazaunin Gilasgo da aka yi wa tayin da ba zai iya ƙi ba. Haƙƙin gonar haya da kakanni suka sha duka a kansa a 1882 yanzu tallarsa ake yi ga wanda ya fi biya. Duk wanda zai rubuta wannan da suna da adadi, ya san zai taɓa kawunsa.

Abin da ya rage a tsaye, kuma nake ganin ya fi cancantar a tallafa masa, su ne ƙananan jaridun al'umma, irin su Ileach a tsibirin Islay tun 1973, Am Pàipear a Uist tun 1976, Fios a Ness, Guth Bharraigh a Barra. Mutum ɗaya ko biyu ke haɗa su da taimakon masu sa kai, a sayar a kan kantar shago. Suna buga sakamakon gasar makaranta da tsofaffin hotuna da jadawalin motar ɗakin karatu. A gefensu akwai ƙungiyoyin tarihin ƙauyuka, waɗanda ta Ness ta fara a 1977, masu rubuta tarihin kowace gona da wanda ya zauna a cikinta. Rauninsu a fili yake. Editan na zaune tsakiyar mutanen da yake rubutu a kansu, kuma talla a ƙaramin wuri daga hannun waɗanda ya kamata a sa wa ido take fitowa. Duk da haka sukan yi ƙarfin hali, su buga wasiƙar mai ƙorafi da amsar kwamiti a shafi guda. Wasu kwamitocin ƙasa yanzu na juya kuɗi masu kauri daga iska da hayar filaye. Da za su ware wani abu su zuba a asusun da ba su da iko a kansa, a ɗauki ɗan jarida ko biyu aikin dindindin, masu halartar kowane zama da karanta kowane lissafi, da sun yi wa ƙasar da suka saya hidimar da ta kai gina mashigar jirgi. Na san akwai shugabannin da ba za su so ba, tunda su za a fara yi wa tambaya, kuma na san wanda aka ɗauka zai rasa gaisuwar wasu danginsa. Mutanen Assynt da Eigg sun ɗauki kasadar da ta fi wannan a lokacin da ba su da ko doka a bayansu.